Ƙaramar kyamara ko DSLR: amsa ga wani malamin makaranta a Tawa

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa. Na daɗe ina tari, yanzu ina da kamar jika 300 na sefa, ina so in sayi kyamara. Wani abokina ya ce in sayi ƙarama wadda ake sawa a aljihu, wani kuma ya ce in ba DSLR ba asarar kuɗi ce. Ina son ɗaukar hoton iyalina da ɗalibaina, kuma in Allah ya yarda in riƙa ɗaukar hoton suna da biki ranakun Asabar da Lahadi, in samu ɗan abin cefane. Ban taɓa riƙe babbar kyamara ba, salula kawai na sani. Wacce ta dace da ni?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a cikin abin da ka tara, domin jika 300 daga albashin malamin makaranta ba a wata ɗaya ko biyu ake haɗa su ba. Ni ma ɗan Adar ne, aikin hoto ne ya zaunar da ni a Yamai shekaru masu yawa, kuma samari sun sha kawo mini irin wannan tambaya a shago. In na fahimce ka da kyau, buƙatu biyu ka haɗa a wuri guda. Akwai hoton ƴaƴanka da ɗalibanka da kake son ajiyewa don tarihi, akwai kuma kayan aikin da za ka shiga gidan mutane da su a biya ka kuɗi. Buƙata ta farko kusan kowace kyamara za ta biya maka ita, har salular da ke aljihunka. Ta biyun ce mai wuya, don ranar suna ba ta dawowa, kuma wanda ya biya ka ba ya son jin uzuri. Saboda ita nake ce maka ka sayi DSLR, wato babbar kyamarar nan mai madubi a ciki wadda ake sauya wa gilashi, amma da sharaɗin kada kuɗinka su ƙare kaf a kan gangar jikinta. Bari in bi da kai dalilan, don in ka shiga kasuwa ka san abin da kake tayawa.

Abin da ke cikin cikinsu

A bayan gilashin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, shi ake kira sensa. Faɗin wannan faranti ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa maka, sai ya yi ta nanata maka yawan megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Ƙananan kyamarori masu araha farantinsu bai wuce milimita 6.2 a tsawo da 4.6 a faɗi ba, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Ƙanana masu tsada, irin Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012 ko Canon G7 X, nasu milimita 13.2 ne da 8.8. Na DSLR ta masu farawa, wanda ake kira APS-C, milimita 23.5 ne da 15.6 a wajen Nikon, na Canon ya ɗan gaza haka kaɗan. In ka buga lissafin fili, kai da kake malami, za ka ga farantin DSLR ya ninka na ƙaramar kyamara mai araha kusan sau 13, ya ninka na mai tsadar sau 3. Ka ɗauka ruwan sama ake tara: wani ya ajiye kofin shayi, wani ya ajiye daro. In ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu. Ranar da yayyafi kawai ake yi ne za a ga bambanci. Haske ma haka yake. Da rana tsaka a filin makaranta dukkansu za su ba ka hoto mai kyau, amma a ɗakin mai jego da ƙarfe bakwai na safe, ko a ƙarƙashin rumfa bayan magariba da ƙwan lantarki guda, ƙaramin faranti sai ya cika maka fuskoki da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi.

Madubin da ke cikin DSLR kuwa yana zaune ne a karkace tsakanin gilashi da faranti. Yana ɗaukar abin da gilashi ya gani ya tura shi sama zuwa ƴar tagar da kake kafa ido a kai. Kana danna maɓalli sai ya ɗaga, labulen da ake kira shata ya buɗe ya rufe, madubi ya koma mazauninsa. Ƙarar "kas" da kake ji ke nan. Saboda madubin ne masu sana'a a nan suke ce mata refleks. Amfaninsa a ƙasarmu babba ne: a ranar Tawa ta watan Afrilu ba ka iya ganin komai a fuskar salula ko a allon bayan ƙaramar kyamara, sai dai ka yi ta kare shi da hannu kana cankar inda mutum yake. Da DSLR kuwa idonka na cikin taga, kana ganin mutum kamar yadda yake, babu jinkiri.

Game da ƙaramar kyamara mai araha, maganar gajera ce: kada ka saya. Farantinta bai fi na salula mai kyau ba, wasu salulolin ma nasu ya fi girma, ga shi kuma suna da dabarar gyara hoto a cikinsu da ita ba ta da. Abu ɗaya da ta fi salula shi ne zum, wato jawo abin da ke nesa. Shi ya sa kamfanoni da kansu suka rage ƙera irinta. Araha ba ta ado.

Ƙaramar mai tsada kuma dole in yi mata adalci, domin abokinka na farko bai yi ƙarya ba. Canon G7 X Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019, da Sony RX100 III ta 2014, gilashinsu yana buɗewa daga f/1.8 zuwa f/2.8. Wannan lamba ta f ita ke nuna girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin da ake haɗo wa DSLR a kwali, mai 18-55mm (ƙaramar lambar mm tana ɗauko fili mai faɗi, babba tana matso da abu), daga f/3.5 yake zuwa f/5.6. Ke nan ƙaramar tana da ƙaramin faranti amma ƙofarta a wangale, babbar tana da babban faranti amma ƙofarta a tsuke. In ka gwada su a ɗaki guda mai duhu, kusan kunnen doki suke yi. Na gwada da hannuna, na buga hotunan a takarda, abokan aikina ba su iya rarrabewa ba. Wannan shi ne abin da abokinka na biyu bai gaya maka ba: wanda ya sayi DSLR ya zauna da gilashin kwali har abada, ya ɗauki nauyin fiye da rabin kilo a wuya ne kan abin da kyamara mai giram 300 za ta iya yi masa.

To me ya sa na ce DSLR? Saboda ita gilashinta ana cirewa a sa wani. Akwai gilasai marasa zum masu buɗewa har f/1.8, kuma suna cikin mafi araha a duk gilasan da kamfanonin ke yi: Canon 50mm f/1.8 STM, da Nikon 35mm f/1.8G DX. Tsakanin f/1.8 da f/5.6 hasken da ke shiga ya ninka kusan sau 10. Ranar da ka ɗaura irin wannan gilashi a gaban babban faranti, ranar ce za ka ga abin da ka biya kuɗi dominsa. Fuskar amarya ta fito tas, zanen lallen hannunta ana ƙirga shi, taron da ke bayanta da igiyar shanya da buhunan da aka jingina a bango duk sun narke sun zama launi kawai. Irin hoton da ake kai wa mai firam ke nan, kuma shi ne zai sa a sake kiranka. Sai dai ka lura, 50mm a kan wannan faranti yana matso da abu ƙwarai, kamar 75mm ko 80mm a tsohon ma'aunin kyamarar fim. A ɗakunanmu masu ƙunci za ka ja da baya har ka jingina da bango ba ka haɗa mutum uku ba. Don cikin ɗaki 35mm ya fi, a wajen Canon kuma akwai ɗan siriri mai 24mm f/2.8.

Farar shadda da baƙar fata

Wannan shi ne jarrabawar mai hoto a ƙasar Hausa, kuma littafin da ke cikin kwali ba ya maganarsa. Ga uban jariri da abokansa sun jeru a ƙofar gida bayan an shafa fatiha, kowa cikin farar shadda mai ƙyalli, rana ta fara ɗagawa. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta kare rigunan. Sakamakon shi ne riguna sun fito, fuskoki sun dulmuye, ba a ganin komai sai ido da haƙori. In kuma ka ƙara haske don fuska, aikin zaren da ke wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat, alhali mai rigar kuɗi ya kashe a wajen tela yana son a gani.

Maganin farko ba na kuɗi ba ne: ka roƙe su su matsa inuwar bango ko ta dogon yaro, inda haske ya lafa. Na biyu, akwai maɓalli mai alamar +/- da kake ƙara haske da shi kaɗan, ka duba, ka gyara. Na uku shi ne ka ɗauki hoton a tsarin RAW, wanda ke ajiye duk abin da faranti ya gani, daga baya ka ɗago fuskokin a kwamfuta ko a salula ba tare da ka ƙona rigar ba. A nan babban faranti yake nuna kansa, domin in ka ɗago duhu daga ƙaramin faranti, tsaki-tsakin nan ne ke biyo shi. Na huɗu, filas. Mutane suna mamaki in sun ga ina kunna filas da rana, amma shi ke cike inuwar da hula ko ɗankwali ke jefawa a kan ido. DSLR tana da mazaunin filas a samanta, za ka iya ɗaura babba ka juya kansa ya bugi farin bango, haske ya dawo a tausashe. Yawancin ƙananan kyamarori ba su da wannan mazauni, sai ɗan filas ɗinsu da ke bugun fuska kai tsaye ya sa goshi ƙyalli.

Ka kuma kula da launin rumfa. Tamfol shuɗi ko ja yana rina fuskar duk wanda ke ƙarƙashinsa. Da RAW ana gyara wannan cikin daƙiƙa kaɗan.

Ƙura

Mutane da yawa suna zaton ƙaramar kyamara ta fi jure ƙura tunda ba a buɗe ta. Abin da na gani da idona ya saɓa wa haka. Wata shekara da hunturu na je Tabalak da wata ƙaramar kyamara da nake ji da ita, tana cikin aljihun rigata. Ban san yashi ya taru a ƙasan aljihun ba. Na ciro ta a bakin tabki don in ɗauki masunta suna jan taru, na kunna, gilashin ya fara fitowa sai na ji "ƙirrr", ya tsaya a rabi. Bai fita ba, bai koma ba. Irin wannan gilashi bututu ne cikin bututu, da ƙananan haƙora na roba da ke tura shi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tsayar da su. Mai gyara ya buɗe ta ya ce sai an sauya gilashin ɗungurungum, kuma kuɗinsa ya kusa na wata kyamarar. Ban da haka, duk lokacin da bututun ya fita ya koma yana zuƙar iska, ƙura na bi ta sauka a kan faranti, kuma ba ka da hanyar kai hannu wurin sai an warware kyamarar.

DSLR ita ma ƙura tana shigarta, har fiye da haka in kana yawan sauya gilashi. Bambancin shi ne ita ana iya share ta. In gilashi ya lalace kuma, shi kaɗai za ka sauya. Ga yadda nake yi daga Nuwamba har zuwa Maris: ina zaɓar gilashin da zan yi aiki da shi tun daga gida. In dole ta sa zan sauya a waje, sai in shiga ɗaki ko mota, in kashe kyamarar, in kifa bakinta ƙasa, sabon gilashin yana hannuna a shirye. Ba na hura mata iska da baki, don yawu ya fi ƙura ɓarna, akwai ɗan famfon roba da ake matsawa. Ba na goge gilashi da bakin riga, domin ƙurarmu yashi ce, gogewa a bushe karce ne. A fara hurewa, sannan a goge da ƙyallensa. Ka sani kuma Nikon D3400 da D3500, da Canon 2000D da 4000D, ba su da na'urar da ke girgiza faranti ta kakkaɓe ƙura da kanta. Tsohuwar D3300 tana da ita. Wannan bai hana a saye su ba, amma famfon nan ya zama wajibi.

Zafi ma abin lura ne. Littattafan waɗannan kyamarori suna cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, kai kuwa ka san abin da Tawa ke yi a Afrilu da Mayu. Suna aiki, amma kada ka bar ta a cikin mota a rufe, ko a kan babur a rana.

Sai batir. Tunda da DSLR ta taga kake dubawa, allo a kashe yake, batirinta yana daɗewa. Ma'aunin kamfani ya ba D3500 hoto 1,550 a caji ɗaya, Canon 2000D wajen 500, G7 X Mark II kuwa ba ta kai 300 ba. A garin da wuta ke iya ɗaukewa daren jajibirin biki, ko in an kira ka wani ƙauye wajen Keita ko Illela, wannan lissafi ne na gaske.

Wacce daga cikinsu

Sunayen da za ka fi ji su ne Nikon D3300, D3400, D3500, D5300 da D5600, sai Canon 2000D, 4000D, 250D da irin su 700D da 750D. D3500 da 2000D duk a 2018 suka fito, duk megafiksel 24 ne. In ni ne, tsakanin waɗannan biyun D3500 zan ɗauka: batirinta ya fi, tana ɗaukar hoto 5 a daƙiƙa inda 2000D ke ɗaukar 3, farantinta kuma ya fi haƙuri in za a ɗago duhu. 4000D ba na ba kowa shawararta, an rage mata abubuwa da yawa don ta yi araha, har bakin da ake ɗaura gilashi na roba ne. Akwai kuma wani tarko a wajen Canon: 4000D da 250D da 2000D na farko-farko an cire musu ɗigon ƙarfe na tsakiya a mazaunin filas, saboda haka filas masu araha da yawa na wasu kamfanoni ba sa tashi a kansu. Ka leƙa mazaunin ka gani kafin ka biya. Nikon ma tana da nata tarkon: waɗannan ƙananan ba su da injin juya gilashi a jikinsu, sai gilashi mai rubutun AF-S, ko AF-P a kan sababbin cikinsu, ne zai saita kansa. Tsohon gilashi mai AF-D zai hau, amma da hannu za ka riƙa murɗa shi.

Duk da haka akwai abin da ya fi waɗannan lissafe-lissafe nauyi. Ka zagaya wurin masu hoton Tawa ka ga wane kamfani suka fi riƙewa. In Canon ce a hannun mafi yawansu, ka sayi Canon. Ranar da cajarka ta ƙone ana gobe biki, maƙwabcinka a sana'a ne zai ara maka, kuma cajar Nikon ba ta cajin batirin Canon.

Da kuɗin da ka ambata, ta hannu za ka nema, wadda muke ce wa okaziyo. Ba abin kunya ba ne, yawancinmu da ita muka fara. Tun 2018 da Canon da Nikon suka fito da sabon zubi marar madubi, EOS R da Nikon Z, hankalinsu ya koma can, masu hali suna sayar da tsofaffin DSLR ɗinsu, sai kasuwar ta hannu ta cika da su da gilasansu. Ƙananan masu tsada kuwa akasin haka ya same su: masu TikTok sun yi musu rubdugu, G7 X ta yi wuyar samu, kuɗinta ya hau. Kada kuma ka ji tsoron cewa gilashin da ka saya yau zai zama shara gobe. Gilasan Canon EF da na Nikon AF-S suna hawa kan sababbin marasa madubi da ɗan zobe na haɗi.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Ko a Babbar Kasuwar Yamai ne, ko wani ya ce zai kawo maka daga Kano ko Sakkwato ta Ƙonni, ko a Facebook ka gani, kada kuɗi su fita sai kyamara tana hannunka. Ka je da katin memori naka. Ka sa ta a f/22 ka ɗauki hoton sama ko farin bango, ka buɗe hoton ka faɗaɗa: ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce, ana sharewa, amma dogon layin da ya ƙi sharuwa karce ne, ka ajiye musu abinsu. Ka cire gilashin ka haska shi da fitilar salula ta baya. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, funfuna ce. Ƙasarmu a bushe take, amma kayan da suka kwana a Kwatano ko Lome ko Legas suna zuwa da ita, kuma tana cin gilashi. Ka ɗauki fuskar mai shagon daga kusa da nesa ka ga ko idonsa ya fito tsaf. Ka murɗa kowane maɓalli, ka tayar da filas, ka duba ƙofar batir da ta kati ko sun karye an liƙe.

Shata ma tana da iyakar kwana. Nikon ta gwada ta D3300 zuwa bugu 100,000. Kyamarorin Nikon suna rubuta adadin bugun a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanta maka. Na Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi bugu 15,000 yarinya ce. Wadda ta haura 80,000 ta sha aikin biki a hannun wani, sai dai in farashin ya faɗi ƙwarai.

Ka kasa kuɗinka tun kafin ka fita. Kamar kashi biyu cikin uku ga kyamara da gilashin kwali, don shi ma yana da ranarsa: hoton aji guda ko dangi gaba ɗaya da 18mm ake ɗaukarsa. Abin da ya rage na batir na biyu ne, da kati biyu, da jaka mai zif, da famfo, sannan gilashin f/1.8 in kuɗin sun kai. In ba su kai ba, ka sa shi a gaba, kuɗin aikinka na farko su tafi can, filas ya biyo baya. Na ce kati biyu don waɗannan kyamarori ramin kati ɗaya gare su, kuma katin jabu ya yi yawa a kasuwa, an rubuta 64GB a jikinsa amma yana cika ya fara cinye hotunan farko. Gara biyu masu 32GB daga hannun wanda ka yarda da shi. Kana dawowa daga aiki ka kwafe hotuna kafin ka cire takalmi. Don turawa salula, ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya ya fi sauri da sauƙi. In za ka aika ta WhatsApp kuma, ka aika a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da rabin kyansa.

Inda ƙaramar ta fi

Da ka ce mini babu maganar sana'a, da amsata ta sauya. DSLR kaya ce. Na san mutane da dama da suka saye ta da ɗoki, bayan wata uku tana cikin akwati, don ba a ɗaukarta zuwa gona ko kasuwa haka kawai, kuma tana fitowa yara suke sandarewa su daina abin da suke yi. Ƙarama kuwa kullum tana tare da kai, ba ta tsorata kowa. Mai yawan tafiya da ke son tarihin iyali kawai, ƙarama mai farantin 13.2 ta ishe shi, ya dai sa ta a ƴar jakarta, kada ya jefa ta aljihu tsirara. Wanda aikinsa na daji ne, rijiyoyi da gonaki da garken dabbobi, akwai Olympus Tough TG-6 ta 2019, wadda gilashinta ba ya fitowa waje, an toshe ta daga ƙura, tana shiga ruwa har mita 15. Farantinta ƙarami ne, ba ta aikin biki ba ce.

A gidan biki kuwa girman kyamara kansa yana aiki. Mutane suna buɗa wa mai babbar kyamara hanya, dattawa suna gyara zama. Sai dai wannan girma nauyi ne a kanka: ka nemi izinin mai gida kafin ka shiga wajen mata, wadda ta kau da kai ka bar ta, kuma kada hoton matar wani ya hau intanet daga hannunka. A gari ma ka nisanci ɗaukar barikin soja da jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati, domin babbar kyamara tana jan ido.

Duk abin da na faɗa daga aikin hoto tsayayye na faɗe shi, shi ne sana'ata. In bidiyo ne zai fi yawa a aikinka, shawarata ba ta kai can ba, kuma waɗannan ƙananan DSLR ba su da ƙarfi a wurin: in ana kallo ta allo saitin yawancinsu yana nawa, ba sa wuce minti 30 a ɗauka ɗaya, D3500 da 2000D ba su da ramin makirfo. D5600 da 250D suna da shi. Wannan sai ka zauna da masu bidiyon biki su ba ka nasu ilmin.

In ka saya, kada ka karɓi aikin kuɗi a watan farko. Ka cire ta daga koren maɓallin nan na otomatik, ka sa ta a A in Nikon ce, Av in Canon ce, inda kai ke zaɓar ƙofar haske ita kuma ta cike sauran. Ka ɗauki ƴaƴanka da safe, da rana, da bayan magariba. Ka sa wa ɗaya farar riga ka tsayar da shi a rana, sannan a inuwa, ka yi ta gwada maɓallin +/- har hannunka ya san shi ba tare da ka duba ba. Bikin sunan da za ka fara ɗauka ya zama na ɗan'uwa, kyauta, inda akwai wani mai hoton da aka ɗauka, ka tsaya kusa da shi ka ga inda yake tsayawa lokacin fatiha da lokacin da ake fito da jariri. In hutun makaranta ya kawo ka Yamai, ka zo da ita da katin hotunanka, mu zauna mu duba su ɗaya bayan ɗaya, in kuma nuna maka yadda ake share faranti.